Yadda Na Rufe Gyambona Da Raha

Assalamu alaikum. Ni dattijo ne yanzu, amma abin da zan ba ku labari ya same ni ina saurayi, gemu bai gama fitowa ba, a shekarun ƙarshe na mulkin Turawa. Ƙauyenmu yana bakin fadama tsakanin Wurno da Goronyo. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba, don jikokin mutanen suna nan da ransu. Mahaifina malami ne mai ɗan zaure, kuma manomin albasa kamar kowa a wajenmu. Ni kuwa yaro ne mai shiru, wanda sai a yini ba a ji muryarsa ba. Tun ina ƙarami aka lura kafaɗata ta dama ta ɗara ta hagu, aka ce ɗaukar tulu ne, zai daidaita. Bai daidaita ba. Ina girma bayana yana karkacewa, har ya zama idan na tuɓe riga ana ganin ƙashin ya yi kwana kamar gulbi. Ban iya jan jigo a fadama, ban iya duƙawa dashen albasa. Sai mahaifina ya zaunar da ni a zaure ina kwafar littattafai, Allah kuwa ya ba ni hannu mai kyau.

An yi mini duk abin da aka sani. Maɗori ya ja ni, wanzami ya kafa ƙaho, na sha rubutu da saiwoyi ba iyaka. Da numfashina ya fara gajarta, ƙafar hagu kuma ta fara yin sanyi tana ja, hankalin gida ya tashi. A lokacin ne wani likita Bature da ke zagaye ya sauka a disfensa ta Rabah, aka ɗora ni a jaki aka kai ni. Ya shafa bayana, ya sa na duƙa, ya faɗa wa tafinta cewa idan aka bar ni haka ƙafafun za su iya mutuwa, amma akwai wani babban asibiti can nesa inda ake yin aikin ƙashin baya. Mahaifina ya yi istihara, ya ce zai kai ni. Yayansa, wanda muke kira Baffa, ya ƙi. Ya ce halittar Allah ce, ba a kai wa Nasara ya yanka, kuma ya faɗa a ƙofar masallaci, gaban jama'a, cewa idan yaron ya lalace kada wanda ya kira shi. Mahaifina bai taɓa saɓa wa yayansa ba sai a kaina.

Ba zan ja ku da labarin tafiya ba. Mota ta kai mu Sakkwato, wata ta kai mu Gusau, muka shiga jirgin ƙasa. Aka yi aikin. An ɗebi ƙashi daga ƙwaurina aka shimfiɗa a gadon bayana don ya kama ya tsayar da karkatar. Da ɗinkin ya warke, suka naɗe ni da wani farin ƙyalle mai laka da suke cewa filasta, daga ƙarƙashin wuya har kwankwaso, suka bar ɗan rami a wajen ciki. Ya bushe ya yi tauri kamar tukunya. Tafinta ya ja mana kunne a kan abu uku: in yawaita kwanciya, kada ruwa ya taɓa filastar, kada kuma in kuskura in tura wani abu a cikinta komai ƙaiƙayi. Aka sallame mu, aka ce mu dawo bayan damina a cire.

Ranar da aka shigo da ni gida a kan gadon kara, na gane yadda gawa za ta ji in da tana ji. Mutane suka yi ta shigowa, kowa ya durƙusa ya ce sannu da murya ƙasa ƙasa, ya dubi wannan farin abu, ya kau da kai. Tsofaffin mata suna tafa hannu suna salati. Inna, mahaifiyata, tana zagayawa bayan ɗaki ta yi kuka ta wanke fuska ta dawo. Baffa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce Allah ya kyauta, ya juya. Mahaifina ya rage cin abinci. Yakan zauna kusa da ni da carbi a hannu, ba ya ja. Ciwon ƙwauri da na baya suna nan, amma wannan zaman makokin ya fi su nauyi a kaina.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, ya girme ni kaɗan. Sana'arsa kai albasa kasuwa a kan jakuna. Kun san al'ada, tsakanin taubasai babu kunya babu fushi, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma duk abin da ɗaya ya yi wa ɗaya wasa ne. Shi kaɗai ne a duniya nake buɗe baki in rama wa magana. Ya dawo daga kasuwar Goronyo ya tarar da ɗakin cike da masu jaje. Bai durƙusa ba, bai ce sannu ba. Ya zo ya ƙwanƙwasa ƙirjina da yatsa kamar mai sayen tulu, ya kasa kunne, sannan ya ce:

"Ashe haka anka yi. Kawu ya gaza gina rumbu, shi na yak kai bawana Turawa sunka yaɓe mai shi kyauta. Saura jinka."

Ya cire tsohuwar malfarsa ya kifa mini a ka. Wata tsohuwa ta fara yi masa faɗa. Ni kuwa ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce masa rumbuna ko banza akwai hatsi a ciki, nasa kan kuwa ɓera ma in ya shiga da yunwa zai fito. Wani ya tuntsire. Dariya ta kama ni, ta soke ni a haƙarƙari har hawaye, amma ban bari ba. Daga bayan zana na jiyo muryar Inna tana dariya, abin da ban ji ba tun kafin tafiyarmu.

Daga ranar na gane na sami abin da zan biya mutanen gidanmu da shi. Na ce a riƙa fitar da ni zaure da la'asar. Duk wanda ya shigo da sannu a bakinsa, sai in riga shi. In ce ya yi sallama a ƙirjina tukuna, mai gidan yana ciki. In ce ni kaɗai ne saurayin da ya gama ginin ɗakinsa tun bai nemi aure ba. In ce idan masu ƙirgar haraji sun zo a gaya musu ni ba mutum ba ne, gini ne. Na ɗora allo a kan filastar ina rubutu a kwance, na ce ko alƙali ba shi da teburi irin nawa. Yaron da ba ya magana ya zama abin kallo. Mutanen Kagara da na Shinaka idan sun taso daga kasuwa sukan ratse su ga rumbu mai magana. Taubashina kuwa duk ranar da yake gari sai ya zo mun kara, ya jefa in rama, jama'a suna raba mana gardama.

Ba zan yi wa Allah butulci ba, rahar nan ta yi mini magani na gaske. Kwanciya wuri ɗaya wata da watanni ba ƙaramin abu ba ne ga saurayi. Salla da ishara nake yi, da taimama, a juya ni kamar buhu, a ɗauke mini bukata kamar jariri. Idan na mai da abin wasa, kunyar takan ragu. Mafi girma kuma, mahaifina ya dawo cin tuwonsa. Mutane suka fara cewa yaron da ke irin wannan barkwanci ai ya warke, malam ya yi dabara da ya kai shi. Baffa ya daina maganar. Sai na ɗauka a raina cewa mutuncin mahaifina a bakina yake rataye. Muddin ana dariya a zauren nan, shi ne mai gaskiya.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san zafin ƙasarmu kafin ruwa ya sauka, ya ƙiyasta shi a cikin tukunya. Gumi yana gangarawa inda hannu ba ya kaiwa, ƙaiƙayi ya taso a tsakiyar baya kamar tururuwa suna gini. Na yi ta daurewa, ina goga filastar a jikin gado, ba amfani. Kusa da ni akwai damin siraran karare da nake feƙe alƙalami da su. Wata rana da hantsi, ba kowa a ɗakin, na zari ɗaya mai tsawo na zura ta wuya. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Na tuna gargaɗin tafinta sarai, amma na ce sau ɗaya ne. Ya zama kullum. Ran nan ina cikin susa na ji ƙas, na zaro karan, rabinsa babu. Guntun ya zauna can ƙasa, daidai inda aka yi ɗinki, kuma a kansa nake kwance.

Na yi ƙoƙarin fitar da shi da wani karan, sai na ƙara tura shi. Na ɓoye wa kowa. Da farko tsikari ne kawai. Bayan 'yan kwanaki ya koma zafi, daga nan na fara jin danshi, sannan zazzaɓi mai zuwa da yamma. Wari ya fara fita ta wuyan filastar. Allah ya sa rudun da ake ajiye albasa yana jikin zaurenmu, kuma a wannan lokaci ba a rasa ruɓaɓɓiya. Duk wanda ya yamutsa hanci sai in ce albasar taubashina ce, ta gaji halin mai ita. A yi dariya a wuce. Inna ta riƙa turara ɗakin. Ta tambaye ni ba sau ɗaya ba ko wani abu yana damuna, don ta ga ina rage fura, na ce rumbu ya cika ne, ba wurin zubawa. Shi kuwa taubashin nawa ba ya gari, ya bi motar albasa zuwa kudu.

Na so in faɗa. Wannan ita ce maganar da ta fi ci mini rai har yau. Wata la'asar zaure ya cika, Baffa ma yana nan a gefe, zazzaɓi yana kaɗa ni, na ji ba zan iya ba kuma. Na ce musu, da muryata ta gaskiya, akwai abin da ke cin bayana. Wani maƙwabcinmu ya ce to, gara ta shiga rumbu. Zaure ya ɗauka. Na sake cewa ba wasa nake ba, wani abu yana ci na a ciki. Aka ce a kira mai maganin gara, wani ya ce a zuba toka. Da na rantse da Allah da sun tsaya, na sani. Na buɗe baki zan rantse, sai idona ya faɗa kan mahaifina. Yana dariya har ya kama bakin rawaninsa ya rufe fuska, Baffa yana gefensa shi ma yana murmushi. Ban taɓa ganin su biyun suna dariya a kan abu ɗaya ba tun rigimar ƙofar masallaci. Na haɗiye rantsuwar. Na ce garar ma ta yi sallama kafin ta shiga, ta fi wasunku ladabi.

Haka na ci gaba har taubashina ya dawo. Ya shigo zaure da ƙurar hanya a jikinsa, ya ce ya zaga kasuwannin kudu yana neman mai sayen bawa mai haɗe da rumbu, an ce sai dai a sayi rumbun a zubar da abin ciki. Jama'a suka yi dariya, suka juyo suna jiran ramuwata. Na nemi magana a kaina na rasa. Sai na yi dariya tare da su, na ce ya yi nasara yau. Ya dube ni. Ya sake jefo wata, wadda ta fi ta farko zafi, na sake yin murmushi kawai. Bai ƙara ba. Ya zauna yana ba su labarin hanya har aka kira magariba, kowa ya tashi, shi ya ce zai sami jam'i daga baya. Da zauren ya zama daga ni sai shi, ya matso ya ɗora tafin hannunsa a goshina, ya sunkuya ya kai hancinsa wuyan filastar, ya ɗago da sauri.

"Tun muna ɗiya ƙanana ban taɓa jihwa tai ka bar ni in tahi da ita ba," in ji shi. "Hwaɗa min. Mi ka yi?"

Na faɗa masa duka, ina kuka kamar yaro. Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa, don idan aka ji bayana ya ruɓe Baffa zai ce aikin Nasara ne, mahaifina kuma ba zai sake ɗaga kai a garin ba. Idan kuwa aka ji ni na jawo da hannuna, to na tozarta duk wahalar da ya sha. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce mini sannu. Tun da na dawo bai taɓa faɗa mini wannan kalmar ba, kuma da na ji ta daga bakinsa na san abin ya kai inda ya kai.

Ya tashi ya tari dattawa suna fitowa daga masallaci. Abin da ya gaya musu daga baya na ji. Ya ce kafin tafiyarsa kudu, a cikin wasa, shi ne ya zura mini kara a baya yana cewa zai auna hatsin rumbu, karan ya karye, ya hana ni faɗa. Ya ce aikin likita lafiyarsa lau, shi ne ya ɓata. Ya san abin da yake yi. Abin da taubashi ya yi ba a kai shi gaban alƙali, ba a raba zumunci a kansa, kuma Baffa ba shi da bakin cewa ga abin da ya faɗa tun farko. Mahaifina ya aika a nemo mota. Da asuba aka ɗauke ni zuwa asibitin da aka yi mini aiki.

Da aka tsaga filastar, ma'aikatan da ke wurin sai da suka ja baya. Guntun karan ya nutse cikin nama, gyambon ya ci har ya kai wajen ƙashin da aka shimfiɗa. Na daɗe a kife, ana wankewa ana yi mini allurai. Allah ya yi da sauran kwana, ƙafafuna kuma ba su mutu ba. Amma likitan ya gaya wa mahaifina cewa a wuri ɗaya ƙashin bai kama ba, kuma ba za a sake taɓawa ba. Na dawo gida ina tafiya, a karkace, da sanda. Da ita nake har yau, kuma tun daga lokacin a zaune nake salla a ƙarshen sahu.

A hanyar dawowa na gaya wa mahaifina gaskiya. Ya ce ya sani tun ranar, don ya san wa ke feƙe alƙalami a gidansa. Ya ce da na faɗa masa tun ranar da karan ya karye, da ya ɗauki surutun Baffa da na duk garin a kansa bai ji nauyi ba. Ya ce shi ɗa ya kai asibiti, ba mutuncinsa ba.

Al'ada ta kare taubashina daga shari'a, amma ba ta kare shi daga baki ba. Inna ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa da sakin fuska, ko da mahaifina ya yi mata bayani, don ta ce rufa masa asiri ake yi. A gari aka riƙa nuna shi, ana cewa ga wanda wasansa ya karkatar da ɗan kawunsa. Iyaye suna tsawata wa yara da sunansa. Na tashi in wanke shi. Na faɗa a zaure, na faɗa a wurin suna, na faɗa a kasuwa cewa ni na zura karan da hannuna. A nan na ga abin da na saya wa kaina. Duk inda na faɗa sai a yi dariya, a ce taubasai sun fara, yau kuma rumbu ne ke kare gara. Har rantsuwa na yi, aka ce kai dai ba ka rabuwa da barkwanci. Na riga na koya wa mutane cewa bakina na wasa ne, ba su kuma sake karɓar wani abu daga gare shi ba. Shi kuwa idan na yi masa maganar sai ya ce in bari, ai ba a taɓa jin bawa ya wanke ubangidansa ba. Ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. A wurin zaman makokinsa na ji wani yana ba wani baƙo labarin karan, a matsayin abin da mamacin ya yi.

Ban ce raha haramun ce ga majiyyaci ba. Ita ta fitar da ni daga kabarin da masu jaje suka fara haƙa mini, kuma har gobe idan na je duba marar lafiya nakan nemi abin da zai sa shi murmushi. Amma ina gargaɗin duk wanda ke kwance, musamman masu kunya da masu tausayin iyaye irina: kada ka ɗauki aikin faranta ran masu jinyarka. Ba aikinka ba ne. Ka bar wa kanka murya ɗaya wadda idan ka yi magana da ita za a san ba wasa. Ku kuma masu zuwa dubiya, idan majiyyaci ya cika ba ku dariya, kada ku tashi kuna cewa ya warke. Ku bari jama'a su watse, ɗayanku ya zauna, ya taɓa goshinsa, ya tambaye shi a hankali, ya kuma jira amsa ta biyu. Ni mutum ɗaya ne ya yi mini haka a cikin zaure cike da masoya, kuma ya mutu da laifin da bai yi ba. Wanda ya karanta wannan, ya sa shi a addu'a. Ba shi ya zura karan ba.